Cindo Maƙeri da Makiyayiyar Gizagizai

Tsofaffin Zangon Shirwa har gobe suna ba da labarin shekarar da iska ta ƙaurace wa garinsu, kuma duk wanda zai ba da shi, da sunan Cindo yake farawa.

Cindo maƙerin farfaru ne, mai aikin tagulla da azurfa. Yana saurayi aka ɗebe su aikin diga, can ya fara ganin kan jirgin ƙasa: tukunyar ƙarfe, a ba ta ruwa da gawayi, ta ja kayan da ayarin raƙuma ba ya iya ɗauka. Abokan tafiyarsa suka dawo gida da labari, shi kuwa ya dawo da tambaya. In tururi zai ja kaya a ƙasa, me zai hana shi ɗaga kaya sama?

Ya fara da ƙananan tsuntsaye na tukurwa. Shi ke fiƙe ƙashin fiffiken, matarsa Tabawa ke ɗinka masa farin ƙyalle a kai, don ɗinkinta ko ruwa ba ya bi. Inji ne ya ba shi wahala. Ya murɗa jijiyar bijimi ta juya farfelar itacen rimi, tsuntsun ya tsallake zaure ya faɗa rijiyar maƙwabta. Ya gwada albarushi, ya wayi gari ba gira. Wasu ya sake su daga kan Dutsen Shirwa, iska ta tafi da su, ba a sake ganinsu ba. Mutanen gari suka daina yi masa dariya, suka koma tausaya wa Tabawa.

Daga ƙarshe ya ƙera wata tukunyar tagulla da ba ta fi dunƙulen hannu ba, ya yi ta goge ta har ta yi sakayau, ya ɗora ta a ƙirjin wani tsuntsu mai faɗin fiffike. Ana gab da faɗuwar damina ya hau dutsen da hantsi, Tabawa na biye da shi da kaskon garwashi. Ya zuba ruwa, ya cusa wuta, ya jira har tukunyar ta soma tsuwa. Farfela ta juya har ido ya daina ganinta. Ya saki.

Tsuntsun bai faɗo ba. Ya miƙe ya wuce kan kuka, ya wuce inda shirwa ke shawagi, ya kutsa cikin wani ɗan farin girgije da ya rabu da 'yan'uwansa. Sai suka ji ƙara, fam! Bayan ƙarar kuma wani siririn sauti ya biyo.

"Maigida, wannan ba kukan ƙarfe ba ne," in ji Tabawa.

Cindo bai ji ta ba. Murna ta toshe masa kunne.

Tun daga ranar ganye bai sake motsi a Zangon Shirwa ba. Hayaƙin murhu ya riƙa miƙewa sak kamar sanda. Mata suka ɗaga ƙwarya za su yi sheƙa, dusa da tsaba suka zubo tare. Hadari ya haɗu a gabas baƙi ƙirin, ya tsaya cak, kullum ana kallonsa, ba ya matsowa. Masu binne, waɗanda suka yi shuka tun kafin ruwa ya sauka, suka tona suka tarar ƙwari sun cinye irin. Rijiyoyi suka ja baya, aka fara binne jarirai saboda zafi.

Wata safiya Cindo na zaune a maƙera ya ji an yi sallama. Ya amsa, ya ɗaga kai, ba mutum. Shamuwa ce tsaye a bakin ƙofa, ta haɗe ƙafafu kamar wadda ta saba shiga fada.

"Ya kai maƙeri," in ji ta, "ni jakadiya ce daga Magajiyar Iskoki. Abin da ka harba sama ya fashe a jikin Yayyafi, autar Magajiya, wadda ke kiwon gizagizan da ke shayar da ƙasarku. Fiffikenta ya karye, tagullarka na cikin namanta, mu kuwa ba mai iya taɓa ƙarfe a cikinmu. Gizagizai ba sa bin kowa sai ita. 'Yan'uwanta sun rantse ba za su sake bi ta kan garinku ba sai ta tashi."

Cindo ya miƙe zumbur. "Wallahi ban san da kowa a wurin ba."

"Ba wanda ya ce ka sani," in ji shamuwa. "Ka tambaya?"

Ya miƙa hannu zai tattara masaba da awartaki, shamuwa ta ce ko ƙusa ba za ta shiga ƙasarsu ba. Suna cikin haka Tabawa ta fito daga cikin gida, ta riga ta ci ɗamara, ta zare awarwaronta ta ajiye kan uwar maƙera.

"Ina za ki?" in ji Cindo.

"Inda za ka. Kai ka yi wutar, ni na ɗinka fiffiken da ya kai ta. In za a tsare ka, tare za a tsare mu."

Da za su fita ta karyi ƙayar aduwa mai tsawo a bakin hanya, ta soke a ɗankwalinta a madadin allura.

Shamuwa ta bi da su bayan Dutsen Shirwa, ta wata tsaga da Cindo ya sha wucewa bai taɓa lura da ita ba. Suka matsa suka shige a kaikaice. Da suka ɓullo ta ɗaya gefen, sai ga su a wani daji da babu itace ko ɗaya, amma cike yake da kaya a rataye a sarari, ba igiya ba ƙugiya. Huluna, zannuwan shanya, faya-fayai, jinkar ɗakuna sukutum, kiban maharba da suka kuskure nama, ba ƙarfen bakinsu. Duk abin da iska ta taɓa ƙwacewa daga hannun mutum, nan yake. Can a tsakiya Cindo ya hangi tsuntsayensa da suka ɓace, a jere, an goge su tsaf.

Wani tsoho ya fito daga bayan wata jinka, dogo ne siriri kamar karan dawa, idan ya juya gefe sai ya ɓace. Shi ne mai tsaron wurin.

"Kai ne mai aiko mini waɗannan?" ya tambaya. "Na daɗe ina son ganinka. Duk abin da ke nan kamo shi aka yi da ƙarfi. Naka kaɗai ke zuwa da kansu."

"Baba, ba zuwa suke ba, ɓata suke yi."

"Mu nan ba mu san bambancin ba," in ji tsohon. "Ku zo ku ga abin da ke gabanku."

Dajin ya ƙare a bakin wani kwazazzabo. Cindo ya jefa tsakuwa, ya saurara har ya gaji, bai ji saukarta ba. Wani huci mai zafi ke tasowa daga ciki kamar daga bakin tanda. Gaɓar can kuwa da ƙyar ido ke kai mata. Shamuwa ta buɗe fiffike ta hau kan hucin, ko kaɗawa ba ta yi ba, ta dawo.

"Ba gada, ba kewaye," in ji ta. "Ni kuma wuyana ba ya ɗaukar mutum. An ce kai mai yin fiffike ne. Yi."

Tsohon ya ba su gwangwala daga jinkar ɗakuna, da zannuwa iya son ransu. Ba wuƙa, sai dai a karya a goga a dutse. Cindo ya ɗaure da rama, Tabawa ta warware zare daga bakin zani ta ɗinka da ƙaya. Suka yi fiffike wanda faɗinsa ya kai rumfar kasuwa, da sanda a ƙasa inda mutum biyu za su rataya.

Da aka gama, Cindo ya tsaya yana kallonsa, ya kasa motsi. Shekara da shekaru yana jefa abubuwa sama, in sun faɗo ya tsince su ya ce gobe ma rana ce. Bai taɓa ɗora rai a kan aikin hannunsa ba. Yau zai ɗora biyu, ɗaya kuma ba nasa ba ne. Ya sake bin ƙulle-ƙullen ɗaya bayan ɗaya, ya sake, ya kuma sakewa.

"Maigida," in ji Tabawa, "in ka ƙara jan igiyar nan za ta tsinke a hannunka. Ka yi bisimilla."

Suka yi bisimilla, suka ruga, ƙasa ta ƙare a ƙarƙashin ƙafarsu.

Suka yi ƙasa kamar an jefa dutse. Gwangwala ta yi ƙara, zani ya kumbura, sai hucin nan ya tallabe su ya yi sama da su. Cindo ya runtse ido. Yana jin shamuwa na kiran "Dama! Ku karkata dama!", yana jin kafaɗar Tabawa na ture shi, yana bin ta kamar makaho, amma idon ya ƙi buɗuwa. Bai san tsawon lokacin da suka yi ba. Sai ya ji sun daki yashi, fiffiken ya ruguje a kansu.

Tabawa ta rarrafo daga ƙarƙashin zani tana dariya har da hawaye. "Ka ga kogin wuta can ƙasa? Ka ga tsuntsayen nan masu kai biyu?"

"Ban ga komai ba," in ji Cindo, murya ƙasa-ƙasa. "Idona a rufe yake."

Ta dube shi, ta daina dariyar, ta kama hannunsa ta tashe shi.

Gabansu wani fili ne shimfiɗaɗɗe, cike da iskoki a kwance kamar raƙuma a zango. Ba ka ganin jikinsu, sai dai ka ga ciyawa ta kwanta da siffarsu, tana tashi tana komawa da numfashinsu. Ga iskar asuba mai sanyi, ga ta la'asar mai ɗauko ƙanshin girki, ga manyan da ke kayar da rimi, duk sun juya wa baƙin baya. Suna tsakiyar filin wani ginshiƙi na yashi da ganye ya taso yana juyi, kansa na taɓa sama, da jajayen idanu biyu a cikinsa.

"Wannan Guguwa ne, wan Yayyafi," in ji shamuwa da sauri. "Ku durƙusa."

Kafin Cindo ya kai gwiwa ƙasa an sure shi. Ya ga ƙasa da sama suna musayar wuri, hularsa ta kusa tafiya.

"Kai ne mai son sama?" in ji Guguwa, muryarsa kamar ana niƙa tsakuwa. "To ga sama. Ta ishe ka, ko in ƙara?"

Tabawa ta shiga har gindin ginshiƙin, yashi na dukan fuskarta. "Ranka ya daɗe!" ta ɗaga murya. "In ka sake shi, ka huce. To wa zai cire tagullar daga jikin ƙanwarka? Kai?"

Juyin ya ragu. Can aka dire Cindo a ƙasa, ba da tausayi ba.

"Ji nan, ɗan Adam," in ji Guguwa. "In ƙanwata ba ta tashi ba, ni zan kai ka gida. Zan kai ka daidai saman maƙerarka, in buɗe hannu."

Birnin Iskoki ba shi da ganuwa, ba shi da titi. Gidajen kamar manyan goruna suke, suna lilo a sarari, ƙofofinsu ta sama. A cikin raga aka jawo baƙin zuwa fada kamar kifi. Magajiya na zaune a kan komai-babu, lulluɓe da shuɗin mayafi wanda ba ya daina kaɗawa, fuskarta kuma ba ta tsayawa a kama ɗaya: yanzu tsohuwa, yanzu matashiya.

"Allah ya ja zamaninki," in ji Cindo, goshinsa a ƙasa. "Ni ne mai laifin."

"Mun sani," in ji Magajiya. "Shari'a tana nan tana jiranka, ba ta gudu. Fara da aiki."

Aka kai su inda Yayyafi ke kwance. A ido yarinya ce, ko da yake ta girmi kukar garinsu. Fiffikenta na dama a miƙe yake, garai-garai kamar na mazari, ana ganin haske ta cikinsa. Na hagu kuwa ya naɗe, ya yi baƙi, ƙashinsa ya karye, gutsattsarin tagulla sun nutse a ciki. Daga nesa ana jin wani gunji mai tsawo.

"Shanuna ne, gizagizai," in ji ta, da ta ga Tabawa na waige. "Ba su san inda na shiga ba."

Cindo ya durƙusa ya kama gutsure na farko, ya ji kamar ya kama garwashi. Tagullar ba ta huce ba tun ranar da ta fashe. Haka yarinyar nan take kwance da ita duk tsawon kwanakin. Ya cije leɓe ya zaro. Ya zaro na biyu. Fatar yatsunsa ta tashi, ta fashe, bai tsaya ba. Ba inda zai ajiye su a garin da ƙarfe ke ƙona kowa, sai ya riƙa tarawa a hularsa. Kowane gutsure ya gane shi. Ga bakin tukunyar, ga inda ya liƙe da dalma, ga cikinta da ya yi ta gogewa don ta yi sauƙin tashi, har ta koma kamar ɓawon albasa. Tun yana gogewar zuciyarsa ta faɗa masa ba za ta jure wuta ba. Ya ce a ransa, in ta fashe ai a sama za ta fashe, inda ba kowa.

Da ya zare na ƙarshe Yayyafi ta ja dogon numfashi, gidan duka ya yi lilo.

Shamuwa ta koma wurin tsohon nan ta ɗauko tukurwa da farin ƙyalle da itacen rimi daga jikin tsuntsayen Cindo. Ya yi wa ƙashin karan ɗori, ya miƙe shi sambal, Tabawa ta ɗinke inda wuta ta cinye. Da ciwon ya kame, aka fito da Yayyafi bakin ƙofa, iskokin birni suka taru. Ta buɗe fiffike ta faɗa sarari. Nan take ta karkace ta hagu, ta yi ta juyawa tana yin ƙasa kamar busasshen ganye, sai da Guguwa ya bi ta ya cafe.

Ya dawo da ita, ya juyo kan Cindo, gidaje suka fara karo da juna.

"Yaya, dakata," in ji Yayyafi tana haki. "Maƙeri, matso. Miƙo hannunka."

Ta ɗora ƙonannun yatsunsa a kan lafiyayyen fiffikenta. "Shafa daga gaba zuwa baya. Me ka ji?"

Ya shafa a hankali. Fiffiken ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Yana da doro a gaba, ya gangara ya sirance a baya, kamar bayan ludayi.

"Ka yi mini faifai," in ji ta. "Kai a ganinka dukan iska ake yi a hau ta. Ba a dukanta. Hanya ake ba ta ta bi ta samanka, ita kuma sai ta ɗauke ka."

Cindo ya daɗe bai ɗauke hannunsa ba. Abin da ya nema tun yana saurayi ke nan, ga shi a ƙarƙashin yatsunsa, kuma wadda ya raunata ce ta ba shi.

Suka warware aikin duka. Ya jiƙa tukurwa a cikin raɓa ya lanƙwasa ta a gwiwarsa, yana yi yana komawa ya shafa na daman. Tabawa ta sake ɗinki, tana tsuke nan tana saki can. A gwaji na biyu Yayyafi ta yi shawagi lafiya lau, ta kewaya fada ta sauka. Amma ba ta yi murmushi ba.

"Yana riƙe ni," in ji ta, "sai dai ba ya kaɗuwa. Sauka zan iya, hawa ba zan iya ba. Shanuna kuwa can sama suke kiwo."

Cindo ya duba abin da ke hannunsa. Ba tagulla, ba wuta. Sai ya tuna injinsa na farko, wanda ya faɗa rijiya. Ya ɗaga kai ya dubi Guguwa, ya dubi gashin kansa, dogaye kamar igiyar guga, kowane sili na murɗa kansa da kansa.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "ina roƙon gashin kanka."

Guguwa ya dubi ƙanwarsa. Ya sa hannu ya tumɓuke damƙi guda ya jefa a gaban maƙerin.

Cindo ya tufka shi, ya ɗaure a wani ɗan firam na gwangwala da zai zauna tsakanin kafaɗun Yayyafi, ya goge itacen rimi a dutse ya yi farfela, wannan karon da doro irin na fiffike. Ya gwada murɗawa, ƙarfinsa bai kai ba. Guguwa ya ture shi gefe, ya sa yatsa ɗaya ya murɗa har gashin ya yi ƙara.

Aka saki. Farfela ta yi kuka, Yayyafi ta yi sama kamar an harba kibiya, ta wuce rufin fada, ta yi ta hawa har ta isa inda manyan iskoki ke bi. Can murɗin ya ƙare, ta buɗe fiffike biyu ta kwanta a kansu. Suka ji ta yi kira, siriri mai daɗi. Daga gabas gunji ya amsa.

Da ta sauko, Magajiya ta sa aka kawo Cindo gabanta.

"Ta tashi," in ji Magajiya, "amma ba kamar da ba. Har abada sai wani ya murɗa mata kafin ta hau. A dokarmu, wanda ya karya fiffike hannunsa ake karyawa. Auta, ke aka yi wa. Me kika ce?"

Yayyafi ta dubi hannuwan Cindo, duk sun kwaile. "Inna, ina da tambaya tukuna. Maƙeri, me kake nema a sama? Ƙasa ta yi maka kaɗan ne?"

"Ba ta yi mini kaɗan ba, ranki ya daɗe. Ni ma na sha tambayar kaina. Abin da na sani, in na ga shirwa ta tsaya a sarari ba ta kaɗa fiffike, sai in kasa cin abinci sai na san yadda aka yi."

"Ni ma haka nake ji in na ga hayaƙin gidajenku," in ji ta. "Abin da ya raba ni da garke ke nan ran nan, na matso in leƙa. A bar masa hannunsa, Inna."

"An bar masa," in ji Magajiya. "To, maƙeri, za ka daina?"

Cindo ya so ya ce e, a wuce wurin. Bakinsa ya ƙi. "Allah ya ja zamaninki, in na ce zan daina na yi miki ƙarya."

Mayafin ya kaɗa, kamar dariya. "Da ka ce e, da na sa an karya hannun. To ji sharaɗina. Matanku ba sa watsa ruwan zafi a tsakar gida sai sun yi bisimilla, don sun san ba su kaɗai ke zaune a wurin ba. Kai ma kafin ka saki wani abu sama, ka ɗaga murya ka nemi gafara. Na biyu, wuta ba za ta sake hawa sama daga hannunka ba. Ba garwashi, ba tururi, ba albarushi."

Na farkon bai dame shi ba. Na biyun ne mai wuya. Yanzu da ya san sirrin doron fiffike, da tukunya mai kauri kaɗan, ya tabbata zai iya ƙera abin da zai ɗauki mutum. Jijiya kuwa iyakarta abin wasa. Ya dubi Tabawa, ta sunkuyar da kai, ta bar shi da abinsa.

"Kada in ɓoye maka," in ji Magajiya. "'Ya'yana da ke zuwa ƙasashe masu nisa sun ce akwai irinka a can, suna ta gwada wuta da fiffike. Wani zai riga ka. Sunansa za a riƙa faɗa, ba naka ba."

Cindo ya dubi farin ƙyallen da ke jikin fiffiken Yayyafi, da ɗinkin matarsa a kai.

"Na yarda," ya ce.

Ba a mayar da su ta kwazazzabo ba. Guguwa da kansa ya ɗauke su, ɗaya a kowane hannu, wannan karon a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Yayyafi na gaba tana kira, gizagizai na biye da ita baƙi ƙirin, suna gunji suna tunkuɗar juna, iskokin filin nan duk sun tashi suna gudu a gefe.

"Maigida," in ji Tabawa, "ido."

Ya buɗe. Ya ga Dutsen Shirwa kamar curin tuwo. Ya ga rafinsu da ya ƙafe, fari kamar zare, da gonaki jajaye a tsattsage. Yana zaton daga sama zai ji kansa babba. Sai ya ga garin da ya haife shi duka bai fi tafin hannu ba, ga sababbin kaburbura ƙanana a gefensa, ya ƙirga su da ido har ya kasa ci gaba. A filin idi kuma ga mutane sun yi sahu cikin rana, maza da mata da dabbobi, sun juya rigunansu bai-bai suna roƙon ruwa.

Guguwa ya dire su a bayan sahun ƙarshe, ya wuce ba sallama. Ba wanda ya waiwayo. Cindo ya tuɓe rigarsa ya juya ta, ya shiga sahu, ya ɗaga ƙonannun hannuwansa tare da kowa.

Gefen rawanin liman ne ya fara motsi. Sai ganyen darbejiya. Wata tsohuwa ta yi guɗa tun kafin a shafa. Ɗigon farko ya faɗo a tafin Cindo, daidai kan ƙunar, ya ji zafi har cikin ransa, bai janye hannun ba.

Dattijon da ke kusa da shi ya juyo, ruwa na bin gemunsa. "A'a, Cindo! Ina ka shiga? Har an ce ka bi tsuntsayenka."

"Na je gaida mara lafiya ne, Baba."

"Allah sarki. Da sauƙi dai?"

Cindo ya ɗaga kai. Ruwa ya rufe sama, ba a ganin komai.

"Da sauƙi," ya ce. "Amma ba za ta koma kamar da ba."

Cindo ya rayu har ya tsufa. Bai taɓa ƙera abin da ya ɗauki mutum ba, wuta kuma ba ta sake barin maƙerarsa ba. Wannan shi ne abin da ya iso gare mu na labarinsa, Allah shi ne masanin sauran.